Dattijo ya sayi ogan na tsohuwar sinima yana so a girka masa a gida: ƙarƙashin ƙasa ko gareji?

Sani Kafinta:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan abin. Akwai wani dattijo Bature a nan jihar Ohayo ta Amurka da na saba yi wa aikin katako, tsohon malamin makaranta ne. Ya sayi ogan mai bututu, wato babban kayan kiɗa mai madanni da iska ke busa bututunsa, ƙirar Wurlitzer, irin wanda ake kaɗawa a gidajen sinima zamanin da fim ba ya magana. Ya ce mini samfurin da ake kira Style D ne, madannansa hawa biyu, bututunsa sahu shida, kowane sahu da irin muryarsa. Yanzu haka kayan suna jibge a rumbun wani manomi, bututu sun haura 400, ga ganguna da ƙararrawa da injin hura iska wanda sai ƙarti sun taru kafin a ɗaga shi.

Shi da uwargidansa sun fi son a sa shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, don wurin a banza yake zaune kuma ba sai an fasa bango ba. Amma na auna, daga daɓe zuwa silin ƙafa bakwai da rabi ne kacal. Akwai kuma garejin mota biyu da ke manne da falo, in aka cire silin ɗinsa za a samu ƙafa goma sha biyu a tsakiya. Ni aikina ginin ɗakin ne kawai, girkin ogan ɗin wasu abokansa za su yi. Ba na so in karɓi kuɗin dattijo in gina masa abin da zai dawo yana cizon yatsa. Wanne za ku ce?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam Yaya Sani. Tsaya tukuna, wannan ba irin na coci ba ne? Kuma a cikin gida? Maƙwabta fa?

Bitrus Manchesta:
Malam Sani, sannu da aiki. Gareji. Zan faɗi dalili, amma bari in fara amsa wa ƙanena Ɗan Zango, don amsarsa ita ce rabin taka.

'Yan uwan juna ne da na coci amma ba hali ɗaya ba. Wani Baturen Ingila mai suna Robert Hope-Jones, wanda asalinsa injiniyan tarho ne, shi ya fito da yawancin dabarun. Ya ƙaura Amurka a 1903, a 1910 kamfanin Wurlitzer ya saye fasaharsa, aka shiga ƙera su a North Tonawanda ta jihar Niyok. Sun ƙera fiye da 2,000. Manufar ita ce mutum ɗaya ya maye gurbin taron makaɗa gaba ɗaya, shi ya sa za ka ga ganga, kuge, usur na jirgin ƙasa, kukan tsuntsu, har da sukuwar doki. Da fim mai magana ya shigo a 1927 kasuwar ta fara mutuwa, daga baya aka riƙa rushe sinimun, masu son abin suka riƙa kwashe su zuwa gidajensu.

To ga inda gizo ke saƙar. Ogan na coci yawanci da iska mai sauƙi yake aiki, inci uku zuwa huɗu a ma'aunin ruwa. Na sinima yawancin sahunsa inci goma ne, wasu har sha biyar. An yi shi ne ya cika ɗakin kallo mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, daga can saman bango, ta bayan labule. Ka ɗauko wannan ka cusa a ɗaki mai ƙafa bakwai da rabi, tamkar a tsaya kusa da kunnenka a busa algaita ne. Sautin bai samu filin da zai gauraya ba, sai ka riƙa jin kowane bututu daban yana ihu, haɗe da ƙwas-ƙwas ɗin injin.

Ban da sauti ma, tsayin bai isa ba. Akwatin iskan da bututu ke zama a kai dole a ɗaga shi sama da ƙasa, don a ƙarƙashinsa ake sa zugazugan da ke daidaita iska, kuma ta nan mai gyara ke kwanciya ya kwance allon ƙasa in wani abu ya lalace. Ɗora bututu mai ƙafa huɗu ko biyar a kai, sannan ka bar wurin da za a ɗaga shi a zare shi daga raminsa, ka bar wurin hannun mai saita murya. Ƙafa goma ma da ƙyar.

Sani Kafinta:
Na gode Malam Bitrus. Na faɗa masa maganar tsayi, sai ya ce ai ana kwantar da dogayen, wasu kuma dama a lanƙwashe suka zo.

Bitrus Manchesta:
Gaskiyarsa, amma rabi. Manyan na katako masu toshe a kai, waɗanda ke ba da murya mai kauri irin ta bututun ƙafa 16 alhali tsawonsu kusan ƙafa takwas ne, ana kwantar da su a jikin bango, ba sa damuwa. Na ƙarfe manya kuma tun a masana'anta ake yanka su a haɗa da gwiwa. Amma wannan goma sha biyun ƙasa ne na sahu. Sauran ɗaruruwan fa? Su a tsaye suke rayuwa. Kuma akasarinsu haɗin darma da kuza ne, da taushi, in aka jingina su a karkace shekara da shekaru sai su lanƙwashe da kansu. Wannan ma ya sa hankalina bai kwanta da zamansu a rumbu ba. Ka tambaye shi yadda aka shirya su.

Malam Isuhu na Kanada:
Salamu alaikum. Ni ban san kiɗa ba, hita da na'urar sanyi nake yi, amma abin da aka yi da katako da fata na san maƙiyinsa. Malam Sani, ƙarƙashin ƙasa a wannan yanki naku da damina laima ce, da hunturu kuma tukunyar ɗumama gida tana nan kusa tana busar da komai. Katako ya kumbura ya motse, ya kumbura ya motse, ƙarshenta ya tsage. Akwatin iska kuwa in ya tsage iska za ta riƙa zurarewa. Sannan ruwa. Famfon tsotse ruwa ya tsaya dare ɗaya lokacin da aka ɗauke wuta ana ruwan sama, shi ke nan. Na shiga gidaje da yawa na ga abin da inci biyu na ruwa ke yi wa kaya.

Amma kada a ɗauka gareji tsira ne haka kawai. Gareji ya fi kowane ɗaki sauyin yanayi. Sai an toshe ƙofar motar da bango na gaske, an sa abin tsare zafi a bango da rufi, an shimfiɗa leda mai hana laima kafin a ɗaga daɓe. A riƙe laima tsakanin kashi 40 zuwa 55, zafi kuma a kafe shi wuri ɗaya dare da rana, misali digiri 20 ko 21. Ba adadin ba ne ya fi muhimmanci, rashin motsin ne.

Bitrus Manchesta:
Malam Isuhu ya taɓo jijiya. In iska ta ɗumama, muryar bututun da ake busawa kamar sarewa hawa take yi, masu harshen tagulla a ciki kuwa, irin Trumpet da Vox Humana, kusan a inda suke suke tsayawa. Digiri biyu ko uku sun isa ka ji sun rabu, kowa na jan nasa. Sai a wayi gari dattijo kullum yana cikin ɗakin bututu da sandar saiti maimakon ya zauna ya kaɗa.

Malam Isuhu na Kanada:
To a ƙara da wannan: kada hita ta hura kai tsaye a kan bututu, kuma injin hura iskan kada ya ja iskar waje. Iskar cikin gida zai ja, wadda ta yi daidai da ta ɗakin. In ya jawo sanyin Janairu ya cusa cikin kayan, duk wahalar da muka yi ta tashi a banza.

Injiniya Habu:
Jama'a barkanmu. Sani, duba jikin injin, in ka ga an rubuta Spencer Orgoblo to shi ne wanda aka saba haɗawa da su, a garin Hartford aka ƙera shi. Ka ɗauko mana hoton farantin da ke jikin motar lantarkin da ke juya injin. Yawancinsu wuta mai fes uku, wato mai layin wuta uku, suke ci domin don sinima aka yi su, gidajen zama a Amurka kuwa fes ɗaya ne, 120 da 240. Mafita ita ce akwatin nan na VFD, yana karɓar fes ɗaya ya fitar da uku, kuma yana tayar da motar a hankali, fitilun gida ba za su riƙa lumshewa ba. Sai dai motar da ta kusa shekara ɗari, a kai wa masu naɗi su gwada lafiyar wayarta kafin a jona.

Injin nan ɗakinsa daban, da ƙofa mai kauri, a kan roba ko abin da zai shanye girgiza, kuma a haɗa shi da babban bututun iska da hannun riga mai laushi. In ba haka ba gurnaninsa zai bi katako ya zagaye gidan har ɗakin kwana.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin wayoyi. Kowace murya tana da ɗan maganaɗisunta, ɗaruruwa ne, wutarsu kaɗan ce, wajen bolt 10 zuwa 12. Mutane sai su raina ta. Amma wayoyin asali zaren auduga ne a jikinsu, an ɗaure su dami guda, ba fis. Dokar wutar lantarki ta Amurka sai da ta ware wa ogan mai bututu sashe na kansa, sashe na 650. Ya nemi izinin gini, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa tun kafin a buga ƙusa ɗaya. Ni a ganina a sauya wayoyin duka, tsohon rile ɗin nan mai girman kabad ma, wato na'urar da ke kai saƙon madanni zuwa bututu, a ajiye shi a sa na zamani wanda bai wuce ƙaramin akwati ba.

Bitrus Manchesta:
Injiniya, waya da fis na yarda ɗari bisa ɗari. Rile kuwa ban yarda ba. Style D da ya zo cikakke da rilensa na asali ba kullum ake samu ba. Da yawa an wargaza su, an ɗebi sahu daga nan an liƙa a can don a yi ƙato. In wannan bai rasa komai ba, to kayan tarihi ne. A sake masa fata ya ci gaba da aiki. Wanda aka yi a shekarun 1920 har yau mai haƙuri da tukunyar manne zai iya gyara shi. Na zamanin, in kamfanin ya rufe bayan shekara ashirin, wa zai ba ka kayan gyara?

Injiniya Habu:
Malam Bitrus, ka manta shekarun mai abin. Rile ɗin nan ƙananan jakunkunan fata ne birjik da wayoyin azurfa, kowanne sai an bi shi da hannu. Wa zai yi? Kuma shi ma ɗaki yake so, da iska, yana kuma ƙara. Garejin mota biyu ne fa, ba sito ba. Tarihi yana da kyau, amma ogan da ba ya kaɗawa tarin itace ne.

Bitrus Manchesta:
Akwatunan iskan ma ai duk sai an sake musu fata, ko da rile ko babu. Fatar da ta shekara casa'in ta zama gari. Wanda zai iya wancan zai iya wannan. In ma ya zaɓi na zamani, roƙona ɗaya: kada a yar da tsohon, kada a yanke damin wayarsa da zarto. A naɗe a ajiye tare da ogan ɗin.

Injiniya Habu:
Wannan kam ba gardama. A ajiye.

Ɗan Zango:
Ni dai manya ku yi haƙuri, duk wannan wahala ta mece ce? Akwai manhajar Hauptwerk, an ɗauki muryar bututun gaske ɗaya bayan ɗaya an zuba a kwamfuta. Ya ajiye teburin madannan a falo, a jona masa lasifika masu kyau, in dare ya yi ya sa abin kunne. Ba laima, ba inji, ba fasa bango. Kuɗin da zai kashe a gareji ya ninka wannan sau nawa?

Sani Kafinta:
Ƙanena, na kawo masa wannan maganar da kaina. Yana da irinta ma a ɗakin karatunsa. Ya ce tun yana yaro mahaifinsa ke kai shi jin ogan a wata sinima da aka rushe daga baya, kuma abin da yake so shi ne ya ji iska na motsi a ɗaki. Ranar da muka je rumbun na ga yadda yake shafa bututun katakon nan. Ni kafinta ne, na kalli haɗin katakon, na ga aikin mutanen da suka san hannunsu. Ban ga laifinsa ba.

Hajiya Larai:
Sallama gare ku. Tun ɗazu nake karantawa, duk kun yi maganar bututu da waya, ba wanda ya yi maganar matar gidan da 'ya'yansu. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a ƙasar nan, na ga abin da ke biyo baya in mai gida ya kwanta ciwo ko ya rasu ya bar abin da shi kaɗai ya san kansa. Malam Sani, ita baiwar Allah da ta ce ƙarƙashin ƙasa, ba don sauti ta faɗa ba. Tana tsoron a ɓata mata falo, a cinye gareji a garin da ƙanƙara ke zuba, sannan ranar da za a sayar da gida mai saye ya ga rami a bango ya juya. Tsoronta gaskiya ne. Kada ku taru maza ku rinjaye ta da ilmin inci goma.

Bitrus Manchesta:
Hajiya, maganarki dutse. Kuma abin da kika hango yana faruwa. Waɗanda suka kwashi ogan zuwa gida a shekarun 1960 da 1970 yanzu suna ƙarewa, magada kuma su rasa yadda za su yi, har kyauta ake bayarwa ga duk wanda zai zo ya kwance. Ba mamaki shi ma dattijon ta haka ya samu da araha.

Amma gidajen ne suka ceci abin tun farko. Ƙungiyar masu son ogan na sinima ta Amurka, ATOS, a gidan Richard Simonton aka kafa ta a 1955 a Toluca Lake ta Kalifoniya, mutumin da ya gina 'yar sinima a gidansa ya sa Wurlitzer a ciki. Jasper Sanfilippo, attajirin gyaɗa da dangoginta, ya gina wa nasa zaure guda a Barrington Hills kusa da Shikago, hawa biyar, sahu 80, tushensa daga sinimar Riviera ta Omaha. A nan Ingila ma haka aka yi da ƙirar Compton da Christie. Abin lura, waɗanda suka yi nasara ɗakin suka gina don ogan, ba ogan suka matse don ɗaki ba. Dattijonmu ba Sanfilippo ba ne, kuma ba ya bukata. Sahu shida a ɗaki mai kyau ya fi sahu ashirin a cushe. Ka gargaɗe shi tun yanzu, don ciwon masu abin nan ke nan: yau a ƙaro sahu ɗaya, gobe biyu, har a rasa inda za a taka.

Hajiya Larai:
To ni ga sharuɗɗan da zan ba ta in ƙawata ce. A rubuta a takarda wa zai karɓi ogan ɗin bayansa, tun yana da ƙarfinsa ya je ya yi magana da reshen ƙungiyar da Malam Bitrus ya ambata. A yi ginin yadda za a iya mayar da shi gareji. A yi wa motarta rumfa kafin a taɓa komai. Kuma a sa lokacin kiɗa.

Sani Kafinta:
Hajiya Allah ya saka da alheri, wannan ɓangaren ne ni ban iya faɗa ba. Mayar da shi gareji abu ne mai sauƙi a wurina. Zan bar katakon saman ƙofar motar yadda yake, bangon da zan toshe da shi ba zai ɗauki nauyin komai ba, daɓen kuma a kan gungume zan ɗora, da sukurori.

Malam Bitrus, in sun amince, yaya cikin ɗakin zai kasance? Har na yi niyyar liƙa soson nan mai shanye ƙara saboda maƙwabta.

Bitrus Manchesta:
A'a, kada ka sa soso a ciki ko kaɗan. Cikin ɗakin bututu so ake ya zama da tauri da santsi, ya tunkuɗo sauti waje. Allon silin biyu a haɗe da manne da sukurori kusa-kusa, a shafe, a yi fenti mai sheƙi. Duk abin da ya yi sako-sako zai yi kakkarwa in sahun Diaphone mai kaurin murya ya yi gurnani, har fitila da murfin soket. Abin tsare ƙara a cikin bango zai zauna, tsakanin allo da waje, nauyin bangon ne ke kare maƙwabta.

Sai tagar da sautin zai bi ya shiga falo. Bututun ba a rage musu murya, kullum da ƙarfinsu suke fita. Fallayen katako masu kauri da ke bakin ɗakin su ne ke buɗewa da rufewa in makaɗi ya taka feda. Kada ka sa su daidai kunnen mai zama a kujera. Ka ɗaga su sama. In fili ya samu ma, ka yanki ƙafa huɗu ko biyar na garejin ta gefen falo ka bar shi fanko, sautin ya fara faɗawa can ya gauraya kafin ya shigo. Wannan ɗan fankon yana gyara abin da mutane ke ƙoƙarin gyarawa ta hanyar rage iska. Rage iska kuwa kashe muryar yake yi, sahun Tibia mai muryar sarewa ya rasa kukansa, masu harshe su riƙa jinkirin amsawa.

Na'urorin da ke karkaɗa murya suna bugu kamar zuciya, ka yi musu akwati mai rufi ko ka kai su ɗakin inji. Ƙofar shiga kuma ta yi faɗin da babban akwatin iska zai wuce ba tare da an karkata shi ba.

Malam Isuhu na Kanada:
Ka bar mini ramin bututun hita biyu a zanen, ɗaya ƙasa ɗaya sama, da wurin magudanar na'urar laima. In ka turo awon zan lissafa maka girman da ya dace.

Sani Kafinta:
Jama'a na dawo da labari. Na zauna da su biyun a teburin kicin na karanta musu abin da kuka ce, har da na Hajiya, ban rage komai ba. Uwargida ta yarda da gareji bisa sharaɗin rumfar mota da takardar magaji, ta kuma ƙara nata: ba kiɗa bayan tara na dare. Maganar rile bai yanke ba, ya ce sai abokansa sun buɗe sun ga halin fatar. Injiniya, farantin motar injin ya nuna ƙarfin doki uku, fes uku, zan turo hoton. Malam Bitrus, na tambaya yadda aka shirya bututun. Ƙananan suna cikin akwatuna da jarida, amma dogayen na ƙarfe a jingine suke da bango.

Bitrus Manchesta:
To wannan ya riga ginin gaggawa. Ka ƙera musu akwatuna marasa zurfi, tsawon ƙafa takwas, a kwantar da su sahu-sahu, kada a ɗora wani kan wani, kuma kada bakin ya kalli ƙasa. Masu harshe a riƙe su ta gindi, ba ta wuya ba. A sa safar hannu, a wanke hannu kafin cin abinci saboda darma. Kowanne akwai harafinsa a buge kusa da baki ko a ƙafa, a rubuta a jikin akwati. Ku fitar da su daga rumbun nan kafin sanyi ya shigo, ɓeraye fata da manne suke ci.

Sani Kafinta:
Ina da ragowar falanki a shago, Asabar zan yanka in Allah ya kai mu. Malam Isuhu, awon na zuwa yau da dare.